Rasuwar Hilda, Tukunyar da Na Bi da Ita ta Tafki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Curtis Kangas, a madadin mahaifiyata Lorraine da sauran iyalan marigayi Walt Kangas, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Hilda, tukunyar ɗumama gidanmu mai cin itace. Ta rasu da safiyar Talata a cikin tafki. Yawancinku kun riga kun ji a shagon kofi. Wannan don ku ji daga bakina ne.

Marigayiya ta girme ni. Babana ya kafa ta a bayan gida shekarar da ya auri Mama, ya raɗa mata sunan gwaggonsa, wai su biyun ba sa ƙoshi. Ba ta taɓa raina itace ba, ɗanye ko busasshe. A ba ta safe da yamma, ita kuma ta tura ruwan zafi cikin gida har gari ya waye. Aibinta ɗaya, hayaƙi. Ta ɓata wa Mama shanya ba adadi, kuma ba ta taɓa ba da haƙuri ba.

Ba ta da yawan magana. In ta ci ta ƙoshi ta ce huuu. In wuta ta kama sosai murfinta ya ce ɗam. Da asuba bututu ya ce ƙwas, ƙwas a cikin bango, kowa ya gyara kwanciya.

Bututu biyu ke fita daga jikinta ta ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya na gidanmu. Ɗayan ya ratsa ƙarƙashin shinge zuwa gidan maƙwabcinmu Reino Lahti, tsohon da ke zaune shi kaɗai, wanda kafaɗarsa ta daina ɗaga gatari tun ina firamare. Babana ne ya haƙa ramin. Bai taɓa kiran abin taimako ba, cewa yake Hilda ta yi wa gida ɗaya yawa. Reino ya cire tsohon murhunsa ya kyautar. 'Yarsa Elaine, da ke aiki a birnin Duluth, ta sha faɗa cewa ranar da gidan nan ya kwana ba wuta, ranar za ta kai shi gidan tsofaffi. Kowa ya san da maganar. Ni ma na sani.

A irin wannan sanarwa akan ce bayan gajeriyar rashin lafiya. Hilda ba ta yi ciwo ba. Lafiyarta ƙalau har na taɓa ta.

Bayan rasuwar Baba mun sayar da gona. Waɗanda suka saya sun ce da gas za su yi amfani, amma a bar tukunyar sai ƙanƙara ta narke, ba sauri. Mama ta koma wani ƙaramin gida a ƙetaren tafki, da hita ta lantarki wadda ƙwauri kawai take ɗumamawa. Na same ta tana wanke-wanke sanye da rigar sanyin Baba. Na ce zan kawo mata Hilda.

Ta ce, "Ka bari sai sanyi ya wuce, Curtis. Ni ban yi kuka ba. Ka yi wa Reino magana?"

Na ce, "Zan yi."

Na je. Ya ba ni kofi da burodi mai kirfa, muka yi hirar kifi, na dawo da maganata a baki.

Ran Litinin na hana Hilda abinci. Na tsiyaye ruwanta, na yanke bututun duka biyu. Da safiyar Talata na ɗora ta a tirela da taraktar Baba, na maƙala a bayan motata.

Titinmu ɗaya ne, kuma ta gaban tagar kicin ɗin Reino yake wucewa. Nan yake zama kullum da safe da kofi, yana ɗaga wa duk motar da ta gifta hannu. Na kasa bi ta gabansa. Sai na gangara tafki, wanda sanyi ya daskarar ya zama ƙanƙara.

Motoci na ƙetare shi duk lokacin sanyi, ta tsakiya, inda ƙanƙara ke da kauri. Amma daga tagar ana hango tsakiya. Don haka na raɓi gaɓa, inda itatuwa za su kare ni. A nan rafi ke shiga tafki, daidai bayan gidan Reino. Ko ɗan yaye a garin nan ya san ƙanƙarar bakin rafi ba ta ɗaukar nauyi.

Na ji ƙara a baya. Tirela ta durƙusa, mahaɗinta ya ɓalle, motar ta tsira. Na fito da gudu na kama sarƙa, kamar zan iya riƙe ta da hannu. Ƙanƙara ta buɗe da ni, ruwa har ƙirji. Marigayiya ta karkata, ta dube ni da ƙofarta, ta ce bul, bul, bul. Kalamanta na ƙarshe ke nan.

Reino ne ya fito, da takalmin ɗaki, yana jan tsani da kafaɗar nan tasa. Ya turo mini shi a kan ƙanƙara.

Ya ce, "Kama, ɗan Walt. In wanka kake so, da ka faɗa na hura maka wuta."

Ya kai ni ɗakin suracensa da ke bakin ruwa. Da ɗumi a ciki. A kan benci na ga bargo da matashin kai da kwalbar maganinsa. A nan ya kwana.

Ya ga ina kallo. Ya ce, "Tun jiya da yamma bango ya yi shiru. Na ɗauka makara ka yi."

Na zauna a kan bencin. Haƙorana ne ke magana.

Ya miƙo mini wandonsa. Ya ce, "Tukunyar ubanka ce, yaro. Da ta titi ka biyo, da na ɗaga maka hannu."

Marigayiya ta rasu ta bar tarin itace da ya kai tsayin rumbu, wanda ni da Baba muka faskara mata a bazararsa ta ƙarshe. Ta bar shebur ɗin toka da safar hannu mai ƙuna a babban yatsa. Ta bar bututu biyu a ƙasa, bakinsu a buɗe. Ta bar Mama cikin rigar sanyi, ta bar Reino a kan benci.

Elaine ta iso ran Alhamis da akwatin da babu komai a ciki. Reino ya gaya mata bututu ne ya fashe don kansa. Ina tsaye a wurin. Na ce ba haka ba ne, ni na yanke shi.

Reino ya ce, "Kai dai ba ka iya ƙarya ba, ba ka iya tuƙi ba."

Elaine ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko na san shekarun babanta. Na ce na sani. Ta buɗe akwatin a kan gado ta fara ninke rigunansa. Reino yana zaune a bakin tagarsa, bai juyo ba.

Na ce, "Akwai ƙaramin murhu a rumbunmu. Zan kafa shi yau. Itacen Hilda nasa ne."

Ta ce, "Wa zai riƙa zuba masa? Kafaɗar tasa?"

Na ce, "Ni. Zan kwana nan."

Ta daina ninke rigunan. Ta ce ta yarda zuwa narkewar ƙanƙara, kuma dare ɗaya in wuta ta mutu, shi ke nan. Ta bar akwatin a bayan ƙofa, inda zan riƙa ganinsa. Da na gaya wa Mama, cewa ta yi rigar Baba ta ishe ta, in tafi da bargona. Tukunya na yi niyyar mayarwa wani gida. Ni aka mayar.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ma'aikatan kula da tafki sun ce ba a binnewa a ruwa, don haka za a yanka ƙanƙara a jawo gawar zuwa gaɓa. Mai zarto ya zo da zartonsa, mai sarƙa ya zo da sarƙarsa. Kada a kawo furanni. Reino ya roƙi a cire masa ƙofarta, saboda waldar Baba na jiki. Sauran za a kai wa masu sayen tsohon ƙarfe.

Za a karɓi gaisuwa a kicin ɗin Reino, akwai wuta, akwai kofi. Mai son yi mini dariya ya yi a gabana, ya gama gaba ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri.

Ni zan ja gawar. Ta titi za mu bi, a hankali, ta gaban taga.