Ranar da na gaida Baba Alhaji a filin golf

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na fara taka filin golf na gaske ba. Ko na so mantawa, akwai wani kofi mai lotsattsen ciki da ba zai bar ni ba.

Tun ina firamare na kamu da son wasan nan. Babana mai kula da sito ne a wata masaƙa a Sharaɗa. Wani Baturen injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar sandar golf guda da 'yan ƙwallaye cikin tarkace, Baba ya kawo su gida, sandar don kashe kunama. Da ya kwatanta mini yadda ya ga Baturen yana yi da ita, shi ke nan, kunamun gidanmu suka huta. Na binne gwangwanin madara a fili bayan katangar masaƙa ya zama ramina. Shekara da shekaru ina bugu, daga ni sai awaki. Har waƙa nake tsara wa ƙwallon, ina ce mata farar tantabara (Inna kuwa cewa take yi ƙwan zabo ne ya sami mahaukaciya). Kafin in gama kwaleji hannuna ya faɗa sosai, amma ban taɓa ganin mutum biyu suna wasan tare ba.

Filin gaske yana can wajen Bompai, kuma ba a shiga sai wani ɗan ciki ya tsaya maka. Baba ya yi magana da amininsa Alhaji Sule, mai kamfanin roba. Ya ce mini, "Ki same shi ran Asabar. In ya ga bugunki ya yarda, to. In bai yarda ba, sandar nan ta koma aikin kunama. Kuma ki gaishe shi da ladabi, kar ki ba ni kunya."

Ashe ranar gasa ce. Na iske mutane tsaye cirko-cirko, shiru kamar ana jiran liman ya ta da kabbara. Gefe guda ga teburi da farin ƙyalle, kofi yana ta walƙiya a kai. A tsakiya ga Baba Alhaji ya sunkuyar da kai kan ƙwallo. Na ce a raina, dubi mutanen nan, dattijo a gabansu ba mai ko tanka masa. Na tuɓe takalmi, na ratsa su, na durƙusa daidai lokacin da sandarsa ta kai sama.

"Baba Alhaji, ina kwananku?"

Bakano ba ya jin gaisuwa ya ƙi amsawa. "Lafiya lau," in ji shi, sandar ta wuce fuu ta kan ƙwallo, ƙwallon ko motsi ba ta yi ba. Abokin karawarsa, wani Kwara, wato farin Balarabe, mai kamfanin alewa, ya ce da Hausa tsantsa, "Bugu ɗaya ya tafi ke nan, Alhaji."

Ni ban gane komai ba. Abin da na sani shi ne ina kwana kaɗai ba ta cika gaisuwa. Na jira ya gyara tsayuwa (ladabi ke nan, a ganina), ya sake ɗaga sanda.

"Ya Hajiya da yara? Baba yana gaishe ku."

"Ina amsa..." Wannan karon ya sami ƙwallon, amma da gefe. Ta yi kwana, ta nufi teburi, ta daki kofin ƙwal, kamar ƙararrawar tashi daga makaranta. Kofin ya gangaro, ya yi ta mirginawa har ya zo ya kwanta kusa da gwiwata.

Wata Hajiya ta sunkuyo ta raɗa mini, "'Yata, nan in mutum zai buga, ko tari ba a yi." Na ci gaba da durƙuso, ina kallon fuskata a jikin kofin, ta lotse daidai hanci.

Baba Alhaji ya tsinci hularsa, ya kaɗe ta. "'Yar Malam Garba ce ko? Tashi. Buga mu gani."

Na buga ido cike da ƙwalla. Ban ga inda ta faɗa ba, na dai ji wani ya ce, "Iko sai Allah."

"Na tsaya miki," in ji Baba Alhaji. "Amma da sharaɗi. Daga yau Kwaran nan za ki riƙa gaisarwa. Ki bari sai ya ɗaga sanda, kuma ki tambaye shi har mutanen ƙauye."

"Haba Alhaji," in ji Kwaran, "a Kano aka haife ni. Ka san sai na amsa."

Yanzu duk Asabar ina filin, buguna kuma sai gyaruwa yake yi. Kofin dai ban ci shi ba tukuna, amma kowa ya ɗaga shi sai ya ambace ni. Abin da na koya shi ne, duk faɗin Kano wuri ɗaya ne gaisuwa take zama rashin kunya. Saboda haka tun a wajen ajiye motoci nake tare dattawa in sauke musu ita gaba ɗaya, har da ta gobe.