Ranar da Inna Falmata Ta Dafa Min Darasi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a aji biyu na ƙaramar sakandare ba, ko da tsufa ya kwashe min sunayen jikokina. Har yau in abin ya faɗo min, kunnuwana ne ke fara ɗaukar zafi, sannan dariya ta kuɓce min ni kaɗai a kan babur, mutane su yi ta waiwaye suna tausaya wa iyalina.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, aka tura mu koyarwar gwaji. Abokaina suka samu makarantu a cikin Kazaure, wasu Roni, wasu Gwiwa, ni kuwa aka cilla ni wani gari tsakanin Kanya Babba da Babura, in koyar da kimiyya da kiwon lafiya. Ga yadda abin yake: malamar da za ta duba ni sau ɗaya za ta zo, saboda nisa. Ta zauna a bayan aji, ta saurari darasi guda, ta ba da maki, ta kama hanya. In ka ci, ka gama karatu. In ka faɗi, sai baɗi, kana ji kana gani abokanka su karɓi takardarsu su bar ka. Kuma wadda aka haɗa ni da ita Hajiya Binta ce, matar da ko murmushi sai ta auna ta ga ya cancanta kafin ta sake shi.

Ni kuwa a lokacin, Allah ya shirye ni, ji nake kimiyya a gidanmu aka haife ta. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba. Ina da tabarau fari wanda ba na magani ba (idona garau yake, don kwarjini na saya), kuma in ina magana da yara sai na riƙa cire shi ina mayarwa.

Darasin da ya faɗo ranar zuwanta shi ne yadda abinci ke narkewa a cikin mutum. Hajiya Binta kullum a kwaleji maganarta ɗaya ce, a nuna wa yaro abu ya gani da idonsa. Na san kowa kwali zai saya ya zana hanji da jan biro. Na ce ni na wuce nan. Ni kayan ciki na gaske zan shimfiɗa a kan tebur, ta koma Kazaure tana ba da labarina.

Ana gobe za ta zo, na shiga kasuwa wajen mahauta da babbar kula da ƙanƙara a ciki. Na samu wani dattijon mahauci ya gama feɗe akuya, na ce kayan cikin nake so gaba ɗaya.

"In yayyanka maka, Malam?"

"A'a, Baba! Kada wuƙa ta taɓa shi. Daga maƙogwaro har ƙarshen hanji a haɗe nake so, da hanta da komai da komai."

Ya ajiye wuƙar, ya dube ni sama da ƙasa. "A haɗe? Malam, ba dai wani aiki aka ba ka ba ko?"

"Aikin makaranta ne, Baba."

"To, Allah ya kyauta. Boko ke nan."

A gidan Inna Falmata aka sauke ni, ƙawar kakata ce tun suna 'yan mata, tsohuwa mai tsafta da turaren wuta, wadda in ranta ya yi daɗi sai ta sa min albarka da Hausa ta ƙara da Barbarci. Bayan la'asar na shiga da kulata na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, don Allah a ajiye min wannan a wuri mai sanyi, kusa da randa. Gobe babbar malamarmu za ta zo daga Kazaure, saboda ita na sayo."

Ta ɗaga murfin, ta leƙa, ta rufe. Fuskarta ta cika da fara'a. "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka san ya kamata."

Ni kuma na fita ina hura hanci, wai har tsofaffi sun fara gane darajar ilimina. Iyakar bayanin da na yi mata ke nan fa. Kunya ta hana ni ce wa sa'ar kakata zan baje hanjin akuya da ƙazantarsa a gaban 'ya'yan mutane. Kuma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina ba: a ƙasar nan tamu, in saurayi ya shigo da nama gidan tsohuwa ya ce baƙuwa za ta zo gobe, me yake nufi? Ko yaron goye ya san amsar, ni mai biro uku ne ban sani ba.

Da safe ina ta fama da dutsen guga na gawayi, ina maimaita darasi da ƙarfi, lokaci ya ƙure min. Na fito a guje na tarar da kular a zaure, an naɗe ta da wankakken zane an ƙulle a sama, da wani ɗan ƙunshi a gefe. Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya, "A gaida baƙuwar!" Na ce za ta ji, na suri kaya, na haye bayan ɗan acaɓa na ɗora kular a cinya. Na ɗan ji ɗumi, na ce zafin inji ne. Na ji wani ƙamshi yana bin mu, na ce ai masu abincin tasha muka wuce.

Ajin ya cika maƙil, don tun jiya na baza labari cewa za a ga abin mamaki. Hajiya Binta ta shigo, ta zauna a benci na ƙarshe, ta buɗe fayil, ta ɗaga min kai alamar bismillah.

Wallahi farkon darasin ya yi kyau, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Na zana mutum a allo, na bi da lomar tuwo daga baki zuwa maƙogwaro zuwa ciki zuwa hanji. Na ga Hajiya tana rubutu, sai kaina ya ƙara girma. Na dafa kular na ce, "Yau ba zane za ku gani ba. Abin da ke cikin akuyar nan, shi ne sak abin da ke cikin kowannenku, ba ragi ba ƙari."

Sannan na shiga shiri kamar likitan tiyata. Na sa a buɗe tagogi duka. Na zura hannuwana cikin baƙar leda na ɗaure da kyauro. Na ɗaure hanci da hankici. Na ce, "Masu raunin zuciya su koma baya. Wari zai tashi, duk wadda ta ji amai ta fita ba sai ta nemi izini ba. Ilimi sai da juriya." 'Yan matan gaba suka toshe hanci da hijabi, wasu har sun fara runtse ido. Na kwance zanen (wani ludayi ya faɗo ƙasa, na ture shi da ƙafa ban kawo komai a raina ba), na kama murfin na murɗa.

Tururi ne ya fara dukan fuskata, tabarau ya rufe ruf, na daina ganin kowa. Sai ƙamshi. Jama'a, citta, kanumfari, masoro, daddawa, tafarnuwa, ga attaruhu ya ji. Na cire tabarau na leƙa. Farfesu ne. Farfesun kayan ciki, an yayyanka shi daidai loma, mai yana yawo a sama, har da ganyen albasa da aka barbaɗa don ado. Ɗan ƙunshin nan na gefe kuwa gurasa ce guda shida, masu taushi.

Ɗaya bayan ɗaya na ga hijabai suna sauka daga hanci. Yaran nan da yawansu ko koko ba su sha ba suka fito. Daga can baya wani ya ce, cikin ladabi kuwa, "Malam, mu kawo kwano?"

Mai hankali a nan zai tsaya ya ce an samu kuskure, ya koma kan allo. Ni ban tsaya ba. Na sunkuya na ɗauko ludayin da na ture, na goge shi da hankicin hancina, na ce da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba, "Kamar yadda kuke gani, an riga an... an shirya mana su, don sauƙin nazari."

Na tsoma ludayi na kamo wata tsoka baƙa-baƙa na ɗaga sama, romo yana ɗiga a kan littafin darasina. "Wannan ita ce hanta."

Wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu. Hadiza sunanta, shiru-shiru, ban taɓa jin muryarta ba sai ran nan. Ashe babarta farfesu take sayarwa a bakin tasha, kuma ita ke wanke kayan cikin kullum kafin ta taho makaranta.

"Malam, ba hanta ba ce. Saifa ce."

"Madalla! Gwada ku nake." Na mayar, na sake lalube, na kamo wani. "To ga hantar."

"Huhu ne, Malam. Ka ga ai yana yawo a sama."

Ajin ya fara motsi. Gumi ya taru a cikin ledar hannuna har yana zuba ta gwiwar hannu. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kaina ba ita ce, ni a littafi kaɗai na san waɗannan abubuwa, inda hanta ja ce, huhu ruwan hoda, kowanne da kibiya da sunansa a gefe. A gidanmu in an yi farfesu ci kawai nake, ban taɓa tambayar sunan abin da na tauna ba. A cikin romon Inna kuwa kowa launinsa ɗaya, kuma babu kibiya.

Na yi ta maza na kamo tumbi, wanda ko makaho ya san shi da gashin tawul ɗinsa. Na ɗaga shi da ƙarfin gwiwa. "Wannan dai tumbi ne, ko Hadiza?"

"Shi ne, Malam."

"Alhamdulillahi. To irin wannan ne a cikin kowannenku."

Ta sake ɗaga hannu. Na so in yi kamar ban gani ba, amma Hajiya Binta ta ce daga baya, "Malam, ana tambaya."

"Malam, in cikinmu irin na akuya ne sak, me ya sa mu ba ma tuƙa? Akuyarmu in ta kwanta sai ta dawo da abin da ta ci tana sake taunawa."

Wani yaro ya karkace baki ya fara tauna iska, ya yi kukan akuya ƙasa-ƙasa. Shi ke nan, aji ya fashe. Har da masu dukan benci. Na buɗe baki, babu abin da ya fito sai "Tambaya mai kyau... aikin gida ne." Na saci kallon Hajiya Binta, na ga ta kare fuska da fayil, kafaɗunta suna rawa. Ana cikin haka shugaban makaranta ya leƙo ta taga, hancinsa a gaba, ya ce, "Ashe walima ake ba a gaya mana ba?" Ina tsaye da ludayi a hannu, hannu a leda, na roƙi Allah ƙasa ta tsage ko a kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawar ce ta zo, bayan wasu mintuna da suka fi min shekara tsawo.

A gindin darbejiya Hajiya Binta ta kira ni. Na je, na riga na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifina cewa sai baɗi. Na same ta da kwano a gaba, ta gutsiri gurasa tana dangwala.

"Wa ya dafa?"

Na ba ta labari tun daga mahauci har zaure. Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi, sannan fuskar nan da na sani ta dawo.

"Ka je ka gode wa tsohuwar nan, ita ta cece ka. Farfesu ba laifinka ba ne sosai. Amma da ɗanye ka kawo, da ka baje shi da kwarjininka, ba mai iya ɗaga hannu, yara su tafi gida da cewa cikin mutum ɗaki huɗu ne irin na akuya. Na mutum ɗaya ne, Malam. Yana cikin littafin da ka ɗiga wa romo."

Na sunkuyar da kai. "Hajiya, na faɗi ke nan?"

"Yau ban ga darasin da zan ba maki ba, na dai ga abinci. Zan dawo bayan mako biyu, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Kafin nan, duk ranar kasuwa ka je ka tsuguna gaban mahaucin nan ya koya maka. Abin da ya manta, ka tambayi Hadiza."

Haka aka yi. Na tsuguna gaban Baba mahauci yana nuna min da tsinin wuƙa yana cewa, "Maimaita, Malam," mutanen kasuwa har da baƙi daga Nijar suna tsayawa kallo. Da Hajiya ta dawo, da kwali na koyar, na zana cikin mutum a gefe guda, na akuya a gefe guda, na amsa tambayar Hadiza da kaina. Na ci, da ƙyar dai, makin da ba a nuna wa surukai.

Inna Falmata kuwa, da na koma gida ran farfesun, tana zaune a tabarma tana jirana.

"Baƙuwar ta ci?"

"Ta ci, Inna. Har ta ƙara."

"Yaji bai yi yawa ba?"

"Daidai ya yi."

Ta sa min albarka da harshe biyu, kuma har ta koma ga Allah ban gaya mata gaskiya ba. Abin da na ɗauka dai shi ne, ba na ƙara tsayawa gaban yara da abin da a takarda kaɗai na san shi, don a kowane aji akwai wadda ta taɓa shi da hannunta kafin ta karya kumallo. Sannan in zan ba tsohuwa ajiyar nama, sai na faɗi dalla-dalla abin da za a yi da shi, ko da kunya za ta kashe ni.