Fil a Bakin Injiniya

Wanda bai taɓa jin Injiniya Kashe-Kunna yana bayani a kan kwamfuta ba, to da sauransa a duniya. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yake zuba ta baki. Katin sunansa kaɗai abin kallo ne, muƙamai sun cika gaba sun zagaya baya, lambar waya ma da ƙyar ta sami wurin tsugunawa. A wuyansa akwai igiya mai ɗauke da filashin adana bayanan kwamfuta rututu kamar makullan mai gadi, yana tafe suna masa kiɗa. A ofishin da yake aiki, in firinta ta ƙi buga takarda, sai ya tara jama'a ya ba su tarihin firinta tun daga kakanninta, sannan ya kashe ta ya kunna. Nan ya samo sunansa. Shi a zatonsa kirari ne.

Mutum ɗaya ce tak ba ta kiransa Injiniya. Yayarsa ce, wadda ta goya shi, mai shagon ɗinki a bayan kasuwa. Ita har gobe Auta take ce masa, duk da tumbi da furfurar gemu.

Yaya tana da keken surfani mai aiki da kwamfuta, shi ke yi mata bajon rigunan makaranta. Duk zanen da ta tara tsawon shekaru yana cikin wata tsohuwar manhaja. Rannan kwamfutar shagon ta yi tari ta mutu. Aka ceto zanen, aka sayo sabuwa dal, amma tsohuwar manhaja ta ce ita ba ta san wannan gida ba, ba kuma za ta shiga ba. Ga riguna jibge har rufi, ga hutu ya zo ƙarshe. Shugabar makarantar da ke ba ta aiki ta faɗa mata a fili: in bajo bai hau riguna ba kafin yara su koma, za ta kai aikin wani wuri, kuma ba za ta dawo ba. Aikin makarantar nan kuwa shi ke riƙe da shagon da matan da ke ɗinki a cikinsa. Yaya ta ji tsoro ƙwarai. Ta ce naka sai naka, ta kira Auta.

Ya iso da jaka biyu da kwat a cikin zafin rana. Ya sa aka kashe kekuna, aka jera masa kujeru. Matan shago suka zauna da almakashi a cinya.

"Abin da za mu yi yau," in ji shi, "a ƙasashen da suka ci gaba ana kiransa bacuwal mashin. Wato zan gina wata kwamfuta a cikin wannan kwamfutar. Sabuwar ita ce mai masauki. Tsohon tsarin nan da manhajarku ta sani, shi ne baƙo. Zan ware masa ɗaki, ya zauna, ya yi aikinsa. Ba kowa ke iya wannan ba. Ni ma da na fara, sai da wasu manya suka miƙe tsaye."

Gaskiya ɗaya ce, ɗakin ya ginu. Ya ware wa baƙo wuri, ya yanka masa rabonsa na ƙwaƙwalwa, ya danna. Sai kwamfuta ta fito da ɗan gajeren saƙo: baƙo ba zai tashi ba, domin bacuwalaizeshan a kashe yake, a shiga bayos a kunna. Layi biyu ne kacal. Injiniya ya fassara shi har inuwar ƙofa ta juya.

Abin da Yaya ta tsinta a cikin ruwan bayanin nan shi ne wannan. Can ƙarƙashin kwamfuta akwai wani ɗan shafi mai suna bayos, inda ake ba ta umarnin farko. A ciki akwai izinin saukar baƙo, kuma daga masana'anta a rufe ya zo. Hanyar shiga ɗaya ce: da an kunna kwamfuta, kafin tambarin farko ya ɓace, a danna wani maɓalli da ke layin sama. Ƙiftawar ido ce. In ta wuce, sai an kashe an sake.

"Wannan yana buƙatar hanzarin ƙwararre," in ji shi. "Kada wadda ta matso. Kada wadda ta taɓa min komai."

Ya kunna. Tambari ya fito. Injiniya ya juyo ga jama'a ya ɗaga yatsa sama.

"Ku lura da kyau, domin abin da za ku gani yanzu, jami'o'i da yawa ba sa koyar da shi..."

Tambari ya ɓace. Kwamfuta ta wuce abinta.

Ya dube ta da mamaki. Ya ce wutar unguwar ce ba ta da nagarta. Ya kashe ya kunna, ya juyo, ya ɗaga yatsa, ya fara labarin wani taro da aka taɓa gayyatarsa ya yi jawabi. Kwamfuta ba ta tsaya jin yadda taron ya ƙare ba. A karo na gaba ya ɗora laifin a kan ƙurar zare. Ya hure allon maɓallai, ya girgiza shi, ya sauya shi da wanda ya zo da shi a jaka, mai fitilu kala-kala. Sabon allo ya haska shago kamar gidan biki, amma babu wanda ya danna shi a kan lokaci. Haka aka yi ta yi. Kunnawa, juyowa, yatsa, jawabi. Yatsan da aka halitta don ya danna maɓallin nan, shi ne kullum yake sama yana nuna rufi.

Wata daga cikin matan ta yi gyangyaɗi har almakashinta ya faɗi. Wayar Yaya ta yi ƙara, ta duba, shugabar makaranta ce. Ba ta ɗauka ba, don ba ta da abin faɗa. Ta dubi tarin riguna, hawaye ya cika mata ido, ta juya ta share da gefen mayafi.

Shi kuwa Injiniya ya kai ƙarshen bincikensa. "Na gano matsalar," ya ce. "Wannan na'ura tana da lahani tun daga haihuwa. Masu ƙera ta sun yi gaggawa. Zan buɗe cikinta." Ya zaro sukundireba daga jaka, ya gwada tsininta a haske.

Nan Yaya ta miƙe tsaye. Ita ba ta san bayos ba, ko a hanya suka haɗu ba za su gaisa ba. Amma ta san Auta. Tun yana yaro, in aka aike shi ɗebo ruwa, sai ya tsaya yi wa famfo bayani har bokiti ya cika ya zube. Ta kuma san abu ɗaya a sana'arta: telan da ke riƙe da fil a leɓe ba ya gulma.

Ta ɗauko wata riga kamar za ta kama mata ƙasa, ta matso kusa da shi.

"Auta, ka gwada sau ɗaya kafin ka farke min ita."

"Yaya, a kimiyyance..."

"Kunna dai."

Ya miƙa hannu ya kunna, ya juyo, ya ja numfashi.

"Buɗe baki. Riƙe min nan, hannuna ya cika," in ji Yaya.

Bakin da ta yi ta ba abinci da cokali yana ƙarami, bai manta muryar ba. Ya buɗe kafin mai shi ya yi shawara. Ta jera masa fil a tsakanin leɓɓa, kawunan a ciki, tsinin a waje. Injiniya ya ƙame. Ido ya raina fata. Jawabi ya taso daga ciki, ya iso maƙogwaro, ya tarar da ƙofa a rufe. Yatsa ya rasa abin nunawa a sama, ya sauko don kansa ya faɗa kan maɓalli.

Shuɗin shafi ya buɗe.

Shago ya yi tsit, irin shirun da bai taɓa samu ba tun da aka gina shi. A cikin shirun nan Injiniya ya gangara da maɓallin kibiya, ya sami layin bacuwalaizeshan, ya mai da shi kunne, ya adana, ya fita. Kwamfuta ta sake tashi. Baƙo ya shiga ɗakinsa lafiya lau, tsohuwar manhaja ta buɗe, zanen Yaya suka fito reras. Aka haɗa keke, allura ta fara sukar bajo na farko. Duka aikin bai kai tsawon gaisuwar da ya yi da ya shigo ba.

Yaya ta kira shugabar makaranta ta ce a turo a ɗauki riguna a kan lokaci. Sai da ta gama wayar tsaf, ta sha ruwa, ta duba bajo na biyu da na uku, sannan ta tuna ta cire fil ɗin.

"Kamar yadda kuka shaida," in ji Injiniya, yana gyara kwat, "wannan wata dabara ce ta nutsuwa da na daɗe ina bincike a kanta. Ina tunanin rubuta maƙala."

Ba wadda ta ji sauran, domin an tayar da kekuna gaba ɗaya.

Labari dai ba ya kwana. Washegari da sassafe, Yaya na buɗe shago ta tarar da matar Injiniya a bakin ƙofa. Suka gaisa, aka tambayi yara. Matar ta matso kusa.

"Yaya," ta ce a hankali, "fil ɗin nan na jiya, da saura?"

Yaya ta buɗe durowa ta miƙa mata kwali guda. Kafin azahar mutanen ofishinsa ma sun aiko.