Rinjayen Farfesa Wataƙila

Allah bai yi wa ƙauyenmu rowa ba, tunda ya ba mu malami, Mwalimu Khaemba. Mutum ne da ba ya cewa za a yi ruwa, sai dai ya dubi hadari ya ce, "Bakwai cikin goma." Muka laƙaba masa Farfesa Wataƙila, ya karɓa hannu biyu, a zatonsa sarauta ce. Mu abokansa kuwa, da ko tuwon ugali ba mu iya rabawa daidai ba, mu ne 'yan gyaɗa kai.

Burinsa a duniya ɗaya ne, kujera a kwamitin ƙungiyar jana'iza. Zaɓenmu na layi ne: kowa ya tsaya bayan gwaninsa, wanda ya haura rabi ya hau kujera.

"Ku saurara, jahilaina," in ji shi, yana cilla sule sama. "Kowane mutum sule ne mai ɗan karkata wajena, shida cikin goma. Sule ɗaya yakan ci amana. Amma a cilla ɗari, rinjaye ya zama tilas! Ku dai tara mini jama'a."

Muka tara. Shi da kansa ya goyo Kukhu Namaemba a keke, tsohuwar da ta yanke cibiyar rabin ƙauyen, don kada ƙuri'a ɗaya ta salwanta. Ya sauke ta, ya je tsakiyar fili ya ƙame cikin rana, inda kowa zai ga kwat ɗinsa.

Kukhu ta dubi ranar nan, ta dubi inuwar mangwaro inda abokin takararsa Makokha mai injin niƙa yake tsaye, ta lallaɓa can.

"Kukhu, ba nan ba ne!"

"Ɗana, ƙyale ni, gwiwata ta riga ta zaɓa."

To wa zai bari tsohuwar ta hango shi a wani layi? Sulallan Farfesa suka kwarara bayanta. Mu uku kacal muka rage a bayansa, muna zufa. Ya waiwayo ya gyara wuyan kwat.

"Lissafin daidai yake. Mutanen ne ba daidai ba."

Muka gyaɗa kai.

Yanzu Farfesa ya rasu, ranar Asabar muka binne shi, har yau kunnuwanmu na jiran ya kira mu jahilai. Kwamitin da bai samu shiga ba shi ya shirya komai tsaf. Ƙauyen kaf ya yi layi ɗaya bayan akwatinsa, Makokha ma na share hawaye. Matarsa Nanjala ta dafa akwatin, tana dariya tana kuka.

"Baban Simiyu, ga rinjayenka, tashi ka ƙirga."

Sai ta waiwaya ta dubi layin, ta sunkuyo ta rage murya.

"Kada ka cika baki dai. Kukhu ce a gaba."