Muryar Settimio Mai Kankana

Ina roƙon masu karatu su yi haƙuri da hannuna, domin sai da furfura ta fito mini sannan na koyi riƙe alƙalami. Sai dai ba na son abin da ya faru a unguwarmu ya bi ni kabari.

"Ni Settimio, in na buɗe baki a Roma, a Napoli ake toshe kunne!" Haka mai kankanar unguwarmu yake faɗa kullum, yana dukan ƙirji. Ba duka ne ƙarya ba, don idan ya kwarara kiran talla, tantabarun coci watsewa suke yi. Amma Palmira mai gidan burodi, bazawarar da yake nema, ba ta ɗauki wannan a bakin komai ba.

"Kai maƙogwaron jaki," in ji ta, "ihu daban, murya daban."

Ana nan sai masu shirya fim suka zo neman ƙaton da zai fito a matsayin bawan mayya, wanda zai tashi daga akwatin gawa ya la'anci gidan sarauta. Suna ganin Settimio suka ɗauke shi. Ya ruga gidan burodi yana haki.

"Palmira, shirya! Italiya duka za ta yi fitsari a wando!"

"To, gwani. Ranar da muryarka ta tsorata ni a silima, kawo zobe."

Oreste tela, ɗaya manemin nata, wani siriri da yakan rufe shago da yamma ya tafi wani ɗan aiki a cikin gari, yana gefe yana murmushi.

"Kai ɗan allura, me kake wa dariya?" in ji Settimio.

"Ba komai, ranka ya daɗe. Allah ya ba da sa'a."

Mai karatu, ni da kai mun san yadda ake fim a ƙasar nan: hoto kawai kyamara take ɗauka, daga baya a kira wasu mutane daban su sa murya a wani ɗaki. Settimio kaɗai ne bai sani ba, kuma babu wanda ya ga dalilin ɓata masa rai. Ya shiga shan ɗanyen ƙwai safe da yamma, ya naɗe wuya da mayafi a tsakiyar zafi.

Da ya isa tsohon gidan sarautar da ake aikin, sai ya tarar da kasuwa. Kafintoci na buga ƙusa, darakta na ihu, yarinyar da aka ɗauko daga Ingila tana yarensu, shi kuwa mai fitowa a yarima ya durƙusa gabanta da hawaye yana cewa, "Ɗaya, biyu, uku, huɗu."

"Ashe duk sakarkaru ne," in ji Settimio a ransa. "Ni zan ɗauki fim ɗin nan a ka." Ya daka tsawa: "A yi shiru! Mai murya zai yi magana!"

Wani kafinta ya leƙo daga saman tsani. "Yi abinka, baba. Ko tallar kankana ka yi, duk ɗaya ne."

Aka shafe masa fuska da kakin zuma, aka kwantar da shi a akwati, aka turnuƙe wurin da hayaƙi don ya yi kama da hazon makabarta. Karon farko murfin ya ƙi buɗuwa, yana ciki yana kiran uwarsa. Karo na biyu ya tashi da tari, hancin kakin ya narke ya sauko kan leɓe. Karo na uku ya yi ruri har wata fitila ta faɗo.

"Madalla!" in ji darakta, yana cin taliya. "Sake."

Ya yi ta sakewa har murya ta dushe gaba ɗaya. Ya koma rumfarsa ba ya iya kiran ko kyanwa, kankana ta ruɓe, amma da hannu yake nuna wa mutane cewa su dai jira.

Ranar Lahadin da aka nuna fim ɗin, ya gayyato unguwa kaf, ya zauna kusa da Palmira, zobe a aljihu. Murfi ya buɗe, ƙaton ya miƙe cikin hazo, ya wangale baki. Sai ga wata murya a hankali, mai sanyi kamar ruwan rijiya, tana ratsa ƙashi. Silima ta yi tsit. Palmira ta ƙwalla ƙara, ta danƙe hannun Settimio, har ya fara laluben aljihu. Can sai ta saki hannun, ta karkata kunne.

"Tsaya. Wannan muryar ai ita ke tambayata burodi kowace safiya."

Ta waiwaya. Oreste na layin baya, ya ɗaga hula cikin ladabi.

"Ɗan aikin yamma ne, uwargida."

"Amma bakina ne!" in ji Settimio. "Dubi haƙorana!"

"Na gani," in ji Palmira, ta tashi ta koma layin baya. "Riƙe abinka."

An yi bikinta da Oreste kafin kaka. Har yau kuwa, idan Settimio ya ja numfashi zai kira kankana, sai matan unguwa su leƙo ta taga su ce, "Buɗe bakin kawai, gwani, bari mu kira maka Oreste!"

Duk inda kuka ga na yi tuntuɓe a rubutun nan, don Allah ku gyara mini, kada ku bar ni da baki buɗe kamar Settimio.