Jirgin Surukina da Fentin Ƙofa

Shekara ashirin ina fesa wa ƙofofin ƙarfe fenti a Makarfi. Don haka da surukina, tsohon makanikin jiragen sama, ya nuna mini ɗan jirgin sama na roba da ya shafe wata guda yana haɗawa, sai na gyara zaman hula.

"Baba, ku bar mini fentin."

"To, takardar da ta zo da shi ta ce a nemi na roba, a fara gwadawa a gefe."

"Baba, takarda ta taɓa riƙe gwangwani?"

Na ɗauko fenti ruwan ƙasa irin na ƙofa, wanda aka sirka da sinadarin tina mai ƙarfi, na fesa sau uku, na shanya a rana don ya yi ƙyalli.

Kafin mu idar da azahar fukafukan sun langaɓe, hancin ya narke. Tsohon ya daɗe yana kallo, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai surukata ta leƙo: "Wa ya kawo mana mazarƙwaila daga garin Kudan?"

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya hana a yar. Yana nan bisa talabijin ɗinsa. Duk ranar da na je gaisuwa, ina durƙusawa zai ce, "Kyaftin, an sauka lafiya?"