Ranar da Na Kori Baƙon Malama

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta watan Mayu ba, ranar da na yi ihu a wurin da ko tari sai an nemi gafara.

Shekarata hamsin da biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci a unguwar Barking, nan ƙasar Turawa, inda muke koyon karatu da rubutun Turanci. Malamarmu Baturiya ce, Malama Jenet, mai haƙuri da son tsuntsaye. Tana da ɗan littafi da take rubuta duk tsuntsun da ta gani, sai layi ɗaya da ta bari fili, na wani zalɓe mai jan wuya da ba kasafai yake zuwa ƙasar nan ba. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana nemansa. Da aka ce an gan shi a wata fadama a gaɓar tekun Essex, ta ɗauke mu ni da Alhaji Isaka, ɗan ajinmu mutumin zangon Kumasi, wai mu koyi rubuta abin da ido ya gani.

A bakin fadamar akwai ɗakin kallon tsuntsaye na katako, mai siraran tagogi. Mutum kusan ashirin a ciki, kowa da madubin hangen nesa, shiru kamar ana jiran liman. Malama ta raɗa mana cewa tsuntsun yana ɓoye cikin ciyawa, kuma daga Afirka ta Yamma ya taso.

"Ashe mutumin garinku ne," in ji Isaka a kunnena. "Ya je ofishin shige da fice na Croydon kuwa? Yana da takarda?"

Awa biyu ta wuce. Ni jira ba ya damuna (na taɓa jiran amsar council, wato ƙaramar hukuma, wata tara ban yi ƙorafi ba). Amma rana ta yi ɗumi, katakon yana ƙanshi, iska tana kwantar da doguwar ciyawa tana tayarwa. A hankali ciyawar ta koma shinkafa. Ruwan ya koma fadamar Haɗeja. Na ga kaina a kan rumfar gadi a gonar Baffa, igiyar gwangwanaye a hannuna, domin tun ina ɗan shekara bakwai aikina ke nan, korar tsuntsaye. Har warin laka na ji. Fensirina ya suɓuce ya faɗi, Malama ta sunkuya ƙarƙashin benci tana lalube.

Daidai nan wani garken ƙananan tsuntsaye ya sauko kan ciyawar kamar hayaƙi.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na miƙe, na tafa hannu, na buɗe maƙogwaro: "Haaa! Kai! Haaa!"

Fadama ta tashi gaba ɗaya. Daga tsakiyar ciyawar zalɓen ya ɗaga, wuya ja kamar an shafa masa lalle, yana kaɗa fukafukai a hankali, ya bi ta gaban tagarmu ya nufi teku. Kowa ya gan shi. Kowa, ban da Malama, wadda ta ɗago da fensirina a hannu tana tambaya me ya faru.

Babu wanda ya zage ni, kuma da zagin ma ya fi sauƙi. Wani dattijo ya sauke madubinsa ya dube ni kawai.

"Kai, Malam," in ji Isaka, bai ko rage murya ba, "ɗan'uwanka ya zo tun daga gida, ko ruwa bai sha ba ka yi masa deport!"

Mun zauna har la'asar, bai dawo ba. A mota na yi ta ba da haƙuri da ɗan Turancina, na ba ta labarin gonar Baffa. Ta ci gaba da tuƙi. Sai da muka kusa Barking ta miƙo min fensirin.

"Kai ka gan shi," ta ce. "To rubuto min shi, in gani. Ranar Talata."

Kwana uku na yi a kan teburin kicin, ina gogewa ina sakewa. Shi ne cikakken shafi na farko da na taɓa rubutawa a rayuwata: wuyan, ƙafafun a miƙe a baya, yadda ya ƙanƙance a kan teku har ya zama ɗigo. Ta karanta sau biyu, ta gyara kalma goma sha huɗu da jan biro, ta ninke takardar ta sa a littafinta. Layin nan dai har yau fili ne.

Bana ma ta ce za mu koma. Na yarda, da sharaɗi biyu da na gindaya wa kaina: zan zauna a kan tafukan hannuwana, fensirin kuma zan ɗaure shi da zare a wuya.